Sanda Bakanike da Birkin Motar Jana'iza

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Yabo ya tabbata ga Allah wanda Ya halicci ƙarfe Ya sanya ƙarfi a cikinsa, sa'annan Ya hore shi ga hannun ɗan Adam mai rauni. Masanin abin da ya bayyana da abin da ƙiraza suka ɓoye, wanda ba Ya tozarta ladan mai kyakkyawar niyya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, wannan labarin wani bawan Allah ne, Malam Umaru, wanda mutanen Abakpa ta Kaduna suka fi sani da Sanda Bakanike. Bai riƙe sarauta ba, bai hau mumbari ba, amma ya riƙe wata amana har ya mutu, kuma ya kamata a san yadda ya riƙe ta.

An haife shi a wani ƙauye kusa da Zariya. Ya shigo Kaduna yana saurayi, ba shi da komai sai tufafin jikinsa da karatu gwargwadon abin da zai gyara sallarsa. Allah Ya haɗa shi da Alhaji Ismail, wani bakanike mai gareji a bakin titin Abakpa. Ya zauna a ƙarƙashinsa tun yana wankin notuna a fetur, har ya kai ana barin masa inji ya sauke ya mayar shi kaɗai. A nan ya yi aure da Hajara, a nan ya haihu, a nan furfura ta same shi.

Mutum ne gajere, siriri, mai jinkirin magana. Ba ya ɗaukar sifana sai ya saurari mai mota ya gama kukansa, sa'annan ya zagaya motar, ya sunkuya ya dubi ƙasar da ta kwana a kai. Yakan ce, "Mota ba ta ƙarya. Abin da ke damunta takan ɗiga shi a ƙasa, mai ido ya gani da safe." Da wannan ƙa'ida ya ci abinci tsawon rayuwarsa, kuma ita ce ta kusa kayar da shi.

Alhaji Ismail yana da wata farar akori-kura da ya daɗe yana dakon hatsi da ita daga kasuwannin ƙauye. A wancan zamani idan aka yi rasuwa a unguwa, a kafaɗa ake ɗaukar makara har maƙabarta, tafiya mai nisa, ga wani dogon gangare kafin a kai ƙofa. In an nemi motar haya, direbobi da yawa sukan noƙe da zarar sun ji gawa ce. Da ciwon ajali ya kwantar da Alhaji, ya kira liman da dattawa, ya shaida musu cewa ya bayar da motar wakafi ga masallacin unguwa, a riƙa ɗaukar mamata da ita, ɗan gida da baƙo, mai hali da mara hali. Sa'annan ya kama hannun Sanda.

"Sanda, motar nan ita ce guzurina," in ji shi. "Duk gawar da ta ɗauka, ina sa ran a rubuta mini wani abu ina kwance. Kada ka bari ta mutu kana raye."

Sanda ya ce, "In Allah Ya yarda, Maigida."

Gawar farko da motar ta ɗauka, ta mai ita ce.

Tun daga nan aka ba ta mazauni a gindin dalbejiyar da ke ƙofar masallaci. Mutanen unguwa suka ɗauke ta abin neman lada. Wannan ya sayi fetur, wancan ya kawo taya. Duk ranar da aka dawo daga jana'iza, ba a watsewa sai an wanke ta ciki da waje, har ƙarƙashinta da bayan tayoyinta, domin ba a son gawa ta gaba ta hau kan ƙurar ta baya. Ladanin masallacin kuwa, Malam Abdurrahim, kowace safiya yakan share gindin bishiyar ya yayyafa ruwa. Makullin bonet ɗinta, wato murfin injinta, ya daɗe da lalacewa, da waya ake ɗaure shi, ba wanda ya damu, don wa zai yi sata a motar matattu?

Haka aka yi shekaru, Sanda yana gyara duk abin da ya taso, ba ya karɓar ladan aiki.

Wata rana a ƙarshen damina aka yi rasuwa. Kabiru, magidancin da ke tuƙa motar, ya kama gangaren maƙabarta da gawa a baya, jama'a na tafe a ƙafa a gabansa. Ya taka birki, sai ƙafarsa ta nutse har ƙasa kamar ya taka laka. Ya tattaka da sauri, ya sauke giya, ya ja birkin hannu yana salati. Motar ta tsaya hancinta na taɓa babbar rigar wani dattijo. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo, amma kowa ya ga abin da ya faru.

Kwamitin masallaci ya zauna a kan maganar. Shugabansa Alhaji Rilwanu ne, tsohon ma'aikacin gwamnati, asalinsa Bakano. Ya yi gini a Unguwar Rimi ya koma can, amma bai bar masallacin Abakpa ba, kusan kullum a nan yake sallar magariba tare da abokan ƙuruciyarsa. Mutum ne mai tsoron ɗaukar alhakin rai.

"Jama'a, motar ɗaukar matattu muke so," in ji shi, "ba motar ƙara musu yawa ba. Ta tsufa. Akwai wani mai sayen tsofaffin ƙarafa a Rigasa, na yi masa magana."

Sanda ya ce, "Haba Alhaji. Bakano ko makara ya gani sai ya tambaya ko ta sayarwa ce."

"Kai kuma Bazazzagi, ko jakinka ya mutu sai ka ce barci yake yi."

Aka yi dariya, amma maganar ba ta wasa ba ce. Aka juya ga liman. Liman ya ce, "Asalin wakafi ba a sayar da shi, ba a gadonsa, ba a kyautar da shi. Sai dai malamai sun yi sauƙi a kan abin hawa: idan amfaninsa ya yanke, ya halatta a sayar a sanya abin da aka samu cikin irinsa. Hukuncin a bayyane yake. Abin da ban sani ba shi ne, amfanin motar nan ya yanke ko bai yanke ba. Wannan fatawar ta Sanda ce."

Kowa a wurin ya san abin da za a samu a tsohon ƙarfe ba zai sayi wata mota ba. In an sayar, unguwa ta koma ɗaukar makara a kafaɗa, guzurin Alhaji Ismail kuma ya yanke. Sanda ya ce a ba shi lokaci. Aka ba shi.

Ya shiga motar ya zauna, ya taka birki da ƙarfi ya riƙe. Ƙafarsa ta tsaya ɗan lokaci, sa'annan ta fara nutsewa a hankali. A saninsa, abu biyu ke kawo haka. Ko dai man birki yana zuba a wani wuri, ko kuwa masta, wato famfon da ke tura man zuwa ƙafafun mota huɗu, ya gaji yana mayar da man baya a cikinsa. Ya kwance wayar bonet, ya buɗe kofin man birki. A cike yake har wuya. Ya sunkuya ya dubi ƙasa, tas. Ya shafa bayan tayoyin da tafin hannu, ba danshi. Ya ce a ransa, kofi a cike, ƙasa a bushe, ba inda ke zuba. Laifin masta ne.

Ya sauke mastan ya canza robobinsa. Sa'annan ya zaunar da Kabiru a kujerar direba, shi kuma ya kwanta a ƙarƙashi yana bin ƙafafun ɗaya bayan ɗaya don fitar da iskar da ta shiga bututun.

"Tattaka."

"Na tattaka, Baba."

"Riƙe. Kada ka saki sai na ce."

"Ƙafata ta fara rawa."

"Ranar gangare ba ta yi rawa ba? Riƙe."

Da suka gama, birki ya yi tauri kamar dutse. Aka mayar da motar gindin dalbejiya, ta koma aikinta, ana dawowa ana wanke ta. Ba a daɗe ba Kabiru ya zo gareji yana sosa ƙeya, ya ce, "Baba Sanda, ta koma gidan jiya."

Sanda ya duba. Kofi a cike, ƙasa a bushe. Ya ce wataƙila cikin mastan ne ya ci, robobi ba za su yi magani ba. Ya tafi Panteka, kasuwar kayan gyara, ya zaɓo wani mastan gaba ɗaya, ya ɗaura, suka sake fitar da iska. Birki ya miƙe. Bayan ɗan lokaci ya sake laushi.

A wannan karon Kabiru ya ajiye makulli a hannun liman, ya ce shi yana da iyali, kuma mutanen da ke tafiya a gaban motar su ma suna da iyali. Ba wanda ya ga laifinsa. Kwamiti ya yanke cewa ranar Juma'a mai zuwa, bayan an sauko daga masallaci, mutumin Rigasa zai zo ya ja motar.

A cikin makon aka yi rasuwar wata tsohuwa. Aka ɗauki makararta a kafaɗa, aka wuce motar tana tsaye a gindin bishiya. Sanda ya sa kafaɗarsa tare da jama'a. Duk tsawon hanyar bai ji nauyin makarar ba kamar yadda ya ji nauyin kalmar nan ta maigidansa, kada ka bari ta mutu kana raye. Da aka gama binnewa ya ratsa ta gefen kabarin Alhaji Ismail, ya yi sallama, ya kasa tsayawa.

Ya dawo gida bayan la'asar. Hajara ta ajiye masa tuwo, ya wanke hannu ya zauna yana kallon kwanon.

"Malam, tuwon nan ba mota ba ne," in ji ta. "Ba sai ka saurare shi ba kafin ka sa hannu."

Bai yi dariya ba. Ta so ta sauƙaƙa masa zuciya, sai ta ɗauko labarin maƙwabciyarsu, Iya Sa'adiya, wata tsohuwa da idonta ya yi rauni.

"Yau Iya ta tara mata tana ba su labarin randarta. Wai tun da ta dawo daga aikin hajji albarka ta sauka a randar, a sha a yi alwala, ba ta raguwa."

"To, ikon Allah ya fi haka."

"Ikon Allah ne, amma ta hannun bokitina. Randar ma a tsage take ta gindi. Kullum in na ɗebo namu sai in zuba mata tana ɗaki. Kada ka faɗa wa kowa, ba na son ladana ya tsiyaye."

Sanda ya tsaya da loma a hannu. Ya ce, "Sake faɗa."

"Me zan sake? Na ce randar a tsage take."

"Kuma ba ta raguwa."

"Yaya za ta ragu ina cikawa?"

Ya mayar da lomar cikin kwano. Tunani ya zo masa wanda ya kamata ya zo tun farko. Kowace tsohuwar mota, ko da ba ta zubar da ɗigo ɗaya, man birkinta yakan ɗan sauka yayin da birkin ke cinyewa. Shi kuwa duk lokacin da ya buɗe kofin nan, a cike yake samunsa har wuya, har ya ɗara inda shi da kansa yakan tsayar. Ya ɗauki cikar kofin shaidar lafiya, bai taɓa tambayar kansa wa ke cika shi ba.

Ya miƙe ya sa takalmi. Hajara ta ce, "Tuwon fa?"

"Rufe shi. Yau kin gyara mota."

Ya je gindin dalbejiya, ba kowa sai awaki. Ya kwance wayar bonet, ya sa sirinji ya zuƙe man ya rage shi zuwa rabi, ya karci wurin da ƙusa don alama, ya rufe ya ɗaure kamar yadda ya samu. Bai gaya wa kowa ba. Washegari da hantsi ya dawo ya buɗe. Kofi a cike har wuya.

Ya daɗe a tsaye yana riƙe da murfin. Ya ce, "Allah Ya saka maka da alheri, ko wane ne kai. Ka kusa kashe mu."

Ya kira Kabiru, suka lallaɓa da motar a giya ta ɗaya har gareji. Sanda ya shimfiɗa kwalaye a ƙarƙashinta, ya hana kowa kusantarta da ruwa ko tsintsiya. Ya sa Kabiru ya tattaka ya riƙe, ya saki, ya sake, har gumi ya jiƙa masa riga. Man da ke kofin ya fara sauka. Can sai wani baƙin ɗigo ya faɗo kan kwalin da ke ƙarƙashin ƙafar baya ta hagu.

Suka sa jak suka cire tayar. Duram ɗin, wato ƙarfen nan mai kama da kwano da ke rufe birkin baya, tsatsa ta manne shi, sai da aka yi ta bugu da guduma kafin ya saki. Cikinsa duk baƙar laka ce ta mai da ƙura. Ƙaramar silindar da ke tura birkin ta ci tsatsa, robarta ta yage. In an taka, mai ya fita ta nan. In an saki, iska ta shiga ta nan. Abin da ya taru ya gangaro bayan taya, wankan da ake yi bayan kowace jana'iza ya tafi da shi. Abin da ya ɗiga ƙasa, tsintsiyar ladan da yayyafinsa su shafe shi. Abin da ya ragu a kofi, wani mai neman lada ya cika a ɓoye.

Da Sanda ya ba shi labarin kofin, Kabiru ya ce, "Wallahi, Baba, bari in laɓe a bayan masallaci in kama mai cika shi. Mutum ya sa na kusa taka dattijo."

Sanda ya ce, "Ba za ka laɓe ba. Mutumin da ya ɓoye alherinsa tsakaninsa da Ubangijinsa, ba ni zan yaye masa mayafi ba. Laifin ma ba nasa ba ne shi kaɗai. Ni da na yi shekaru ina cewa mota ba ta ƙarya, ban lura an rufe mata baki ba. Miƙo mini sifana."

Ya canza silindar da takalman birkin da mai ya jiƙa. Ya buɗe ɗaya ƙafar ta baya, ya ga ita ma ta kama hanya, ya canza ta. Ya zubar da tsohon man gaba ɗaya ya sa sabo, suka fitar da iska. Sa'annan ya taka birkin da duk ƙarfinsa ya riƙe, yana karanta abin da ya sawwaƙa na tasbihi, yana jiran ƙafarsa ta nutse. Ba ta motsa ba. Ya bar motar ta kwana a gareji a kan sabon kwali. Da safe kwali a bushe, man yana inda ya tsayar da shi.

Ranar Juma'a, bayan an sauko, dattawa suka taru a ƙofar masallaci. Mutumin Rigasa ya riga ya iso da igiyar ja, yana ƙwanƙwasa jikin motar da yatsa. Sanda ya shimfiɗa buhu, ya zube tsohuwar silindar da robar da ta yage. Ya bayyana musu yadda abin yake, bai ƙara ba bai rage ba, har da kuskurensa na ɗora wa masta laifi.

"Akwai wani bawan Allah a cikinmu," in ji shi, "da ke cika kofin man birkin nan a ɓoye. Ban san shi ba, ban kuma nemi sani ba. Niyyarsa alheri ce. Amma raguwar man ita ce hanyar da mota ke faɗa wa bakanike tana ciwo."

Liman ya ce, "Sadakar ɓoye tana daga mafi girman ayyuka, wadda hagu ba ta san abin da dama ta bayar ba. Sai dai wanda ya ɗora hannu a kan miki don jin ƙai, ya kamata ya ɗaga in likita ya zo."

Alhaji Rilwanu ya yi gyaran murya. Ya ce, "Mun ji. Amma sau nawa aka ce mana ta gyaru? Ni sai na gani a gangare."

"Ka shiga gaba, Alhaji," in ji Sanda. "In ta ƙi tsayawa, ga maƙabarta nan kusa, ba sai an yi wahalar ɗaukarka ba."

"Tare za mu tafi ai, Bazazzagi. Kai za ka tuƙa."

Sanda ya karɓi makulli daga hannun liman. Alhaji Rilwanu ya zauna a gefensa yana riƙe da carbi. Majiya ƙarfi suka cika bayan motar don ta yi nauyi, liman da ladan da sauran dattawa suka biyo baya a Keke Napep. Da suka kai kan gangaren, Sanda ya ce bismillahi, ya saki motar ta ɗauki gudu fiye da yadda ake yi da gawa. Carbin Alhaji ya daina motsi. A tsakiyar gangaren, daidai inda ta ƙi tsayawa a wancan karo, Sanda ya taka. Motar ta kafe a wurin, tayoyi suka ja ƙasa, na baya suka faɗa kan juna, hular Alhaji ta faɗo kan cinyarsa. Sanda ya bar ƙafarsa a kan birkin, motar na tsaye a kan gangare da nauyinta, ba ta matsa ko taƙi ba. Ya saki, ya sake gudu, ya sake takawa. Ta sake tsayawa. Na baya suka ɗauki kabbara.

A ƙofar maƙabarta kowa ya sauko. Alhaji Rilwanu ya mayar da hularsa, sa'annan ya ce, "Malam liman, ina da magana, ko da ladana zai ragu. Ni ne. In na zo magariba nakan zo da 'yar kwalba a aljihu. Na ga man yana raguwa, na ɗauka shan mai take yi irin na tsufa, kamar yadda tsohon inji ke yi. Shi ya sa na ce a sayar. In na faɗi abin da na gani, sai an tambaye ni yadda aka yi na gani."

Ladan Abdurrahim ya saki baki. Ya ce, "Ashe kai ne. Ni kuwa ina ta mamaki, wata safiyar in zo da kwalbata in tarar an riga ni. Har na fara zaton mala'iku ne."

"Kai ma?" in ji Alhaji Rilwanu.

"Tun ina karen mota aka koya mini, ba a barin kofi da yunwa."

Dariya ta ɓarke a ƙofar maƙabarta, har liman ya ɗaga hannu ya tuna musu inda suke. Sa'annan ya juya ga jama'a ya ce, "Kun gani da idonku. Amfaninta bai yanke ba, saboda haka sayar da ita bai halatta ba. Wakafin Alhaji Ismail yana nan."

Alhaji Rilwanu da kansa ya ba mutumin Rigasa haƙuri, ya sallame shi da goro. Sanda kuwa ya shiga ciki shi kaɗai. A wannan karon ya tsaya a kan kabarin maigidansa, ya yi sallama, ya yi masa addu'a a natse.

Daga ranar aka sa wa motar ƙa'ida. Mai son sadakar man birki ya ajiye kwalbarsa a rufe a tagar masallaci, ba wanda zai tambayi wa ya ajiye, amma hannu ɗaya ne ke zubawa. Sanda ya gyara makullin bonet. Wanka kuwa ba a daina ba, sai dai kafin a zuba ruwa, Kabiru yakan tsuguna ya shafa bayan kowace taya. Hajara ta ci gaba da cika randar Iya Sa'adiya, sai dai Sanda ya je da siminti ya liƙe tsagar wata rana da tsohuwar ta tafi suna.

Ya rayu shekaru bayan haka, idonsa ya yi rauni, amma bai bar zagaya motar nan kowace safiya ba. Ya koya wa Kabiru duk abin da ya sani game da ita, ya kama hannunsa kamar yadda aka taɓa kama nasa. Da wa'adinsa ya cika, bayan gajeruwar jinya, ita ce ta ɗauke shi. Jama'a suka cika hanya gaba da baya, Alhaji Rilwanu na dogara sanda a cikinsu. A kan gangaren Kabiru ya taka birki a hankali, motar ta tsaya inda aka so ta tsaya, aka sauke makarar. An haƙa masa kabari ba nisa da na maigidansa. Motar tana gindin dalbejiya har yau, tana aikinta.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Umaru Sanda, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa makwanci, Ka haskaka shi. Kamar yadda ya sauƙaƙa wa bayinKa tafiyarsu ta ƙarshe, Ka tabbatar da ƙafarsa a kan siraɗi ranar da ƙafafu ke zamewa. Ka haɗa shi da maigidansa Ismail a inuwar masu riƙon amana, Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.